Darasi na 9: Hannun Mai Niƙa da Layin Taransifa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya san inda mai inji yake ajiye hannunsa. Ba ya juye kwanon masara ya koma gefe ya zauna. Yakan zuba a mazurari, ya sa hannu a maƙogwaron injin yana sakin tsaba kaɗan-kaɗan, kunnensa na kan ƙara. Da ya ji muryar injin ta fara sauyawa sai ya tare. Ranar da ya yi ganganci ya saki gaba ɗaya, inji ya shaƙe, bel ya zame, sai an kwance an kwashe. Yaran da suka jera kwanuka tun hantsi, waɗanda jiran minti 20 kawai ya rage musu, sai su kai la'asar a wurin.

Akwai irin wannan hannu a cikin kwamfutocin da ke kai saƙon kuɗi daga banki zuwa banki, shi ne abin da za mu koya yau. Sunan da injiniyoyi ke kiransa da shi a Turance shi ne dai kalmar da direbobinmu suka ara tuntuni suka mai da ita totur. Mu ma haka za mu kira shi: totur ɗin saƙonni, wato ƙayyade yawan saƙon da ake bari ya wuce a kowane sakan.

Shekarar da kowa ya koma waya

A ranar 26 ga Oktoba 2022, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba. Aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin har ƙarshen shekara.

Ba sai an tuna wa mutumin Funtua ko Malumfashi waɗannan makonni na ƙarancin kuɗi ba. Abin ya faɗo daidai lokacin da manomi ke fito da masara da waken suya daga rumbu don biyan bukata da tanadin taki. A kasuwannin hatsi irin na Dandume da Bakori, cinikin da aka saba yi da tsabar kuɗi a ƙirga a hannu ya koma waya dare ɗaya. Buhu ya zama yana da farashi biyu, na kuɗi hannu da na taransifa. Mai saye ya tura, mai kaya ya zuba wa waya ido yana jiran alat, 'yan dako sun tsaya, mota ta tsaya, rana na tafiya. Maganar da ta fi kowace yawa a bakin mutane ita ce "ba natwok".

Ga alƙaluman kamfanin NIBSS, wanda bankunan ƙasar nan da Babban Banki suka kafa a 1993 don haɗa su da juna. Ta hanyarsa ta tura kuɗi nan take, wato NIP, wadda ta fara aiki a 2011, an yi taransifa biliyan 5.1 a 2022. A 2023 adadin ya kai biliyan 9.7. Ku raba da yawan sakan da ke cikin shekara, wato kusan miliyan 31 da rabi, za ku samu kimanin 160 a kowane sakan a 2022, da kimanin 300 a 2023. Wannan kuwa matsakaici ne, an haɗa har da tsakar dare da kowa ke barci. Ranar kasuwa bayan azahar, abin ya wuce nan nesa.

Abu na farko da nake so ku fitar daga wannan darasi shi ne, "ba natwok" suna ɗaya ne da muka laƙaba wa cututtuka daban-daban. Wani lokaci da gaske sabis ne babu, kamar yadda ya faru a 2021 da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Funtua, saboda matsalar tsaro. Amma sau da yawa wayarka cike take da sabis, kana iya kira, kana iya kallon bidiyo, kuɗi ne kawai ya ƙi tafiya. A nan saƙonka ya bar wayarka lafiya ƙalau. A layi ya maƙale.

Dillali a tsakiya

Idan ka tura kuɗi daga bankinka zuwa wani, bankunan biyu ba sa magana kai tsaye. Ku yi lissafi: bankuna 30, in kowane zai shimfiɗa hanyarsa ta musamman zuwa kowane, hanyoyi 435 ake bukata, kuma duk sabon bankin da ya shigo sai an ƙara masa 30. Shi ya sa ake sa dillali a tsakiya. Kowa ya haɗu da dillalin, dillalin ya san kowa. Manhajar da ke wannan aiki ita ake kira manhajar tsakiya, ko dillalin saƙonni. Ba ita ke da kuɗin ba, ba ita ke da asusun ba. Aikinta ta karɓi saƙo, ta sauya masa siffa in ɓangarorin biyu ba su jin yaren juna, ta gane inda za shi, ta miƙa, ta dawo da amsa.

Kuma dillalin ba ɗaya ba ne. A cikin banki ɗaya ma akwai irinsa tsakanin manhajar waya, da lambobin nan masu tauraro da ake latsawa a ƙaramar waya, da na'urar ATM, da babbar kwamfutar da ke riƙe da littafin asusu. Daga nan sai a fita zuwa NIBSS, ko zuwa kamfani irin Interswitch da aka kafa a 2002 in da kati aka biya. Manyan kamfanoni a duniya sun daɗe da irin waɗannan manhajoji. IBM ta fitar da MQSeries a 1993, Microsoft ta fitar da BizTalk a 2000, RabbitMQ da Apache Camel suka zo a 2007, Kafka kuma, wadda aka ƙera a kamfanin LinkedIn, aka sake ta ga kowa a 2011. Ba sai kun haddace sunayen ba. Na kawo su ne don in wata rana ɗanku mai karatun kwamfuta ya ambaci ɗaya, ku san dillali yake nufi.

Taransifa ɗaya ba saƙo ɗaya ba ce. Da ka rubuta lambar asusu mai alƙaluma 10, sai sunan mai asusun ya fito. Wannan tafiya ce guda, zuwa da dawowa: bankinka ya tambayi dillali, dillali ya tambayi bankin can. Sannan saƙon cire kuɗi, sannan na zubawa. In amsa ta yi jinkiri, sai a sake aika wani saƙon don tambayar ya aka ƙare. Sai kuma alat biyu, naka da na wanda ka tura wa. Duk waɗannan ta ƙofofi suke wucewa, kuma kowace ƙofa da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Wadda ta fi ƙunci a cikinsu ita ke yanke gudun tafiyar gaba ɗaya. Sau da yawa wannan ƙofa ita ce kwamfutar littafin asusu, domin ba ta da damar yin gaggawa: dole ta rubuta kowane kwabo a tsanake, ta tabbatar ba a cire kuɗi ɗaya sau biyu ba.

To dillali ya fi littafin asusu sauri nesa ba kusa ba. Yana iya kwaso dubban saƙonni ya antaya wa wanda ɗari kawai yake iya haɗiya. Nan ne ake bukatar hannun mai niƙa.

Mu yi lissafin layi

Alƙaluman da ke tafe misali ne na aji, ba na wani banki ba ne. Ku ɗauki alƙalami.

Mu ƙaddara kwamfutar wani banki tana gama saƙo 100 a sakan. Ranar kasuwa, saƙonni suka riƙa zuwa 150 a sakan har tsawon minti 10. Kowane sakan ana samun ragowar 50. Minti 10 sakan 600 ne. Saboda haka 50 sau 600, saƙo 30,000 ne suka taru a layi. Wanda ya zo a ƙarshe, sai an sallami 30,000 ɗin da ke gabansa, ɗari-ɗari, wato sakan 300, minti 5 ke nan.

Wannan lissafi ba baƙonku ba ne. Inji na niƙa tiya ɗaya a minti 2, ka tarar da tiya 15 a gabanka, ka san rabin awa za ka yi, har kana iya zuwa ka yi salla ka dawo. Masana sun daɗe da rubuta shi a ƙa'ida. Wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Agner Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na Kopenhagen, shi ya fara nazarin layin jira da lissafi a 1909. A 1961 wani Ba'amurke, John Little, ya tabbatar da dokar da ke ɗauke da sunansa: yawan masu jira daidai yake da yawan masu zuwa a kowane sakan sau tsawon lokacin da kowa ke ɓatawa.

Yanzu ga inda layin kwamfuta ya bambanta da na injin niƙa. Kwano ba ya gajiya da jira. Manhajar waya kuwa tana da agogo: in ta aika saƙo ba ta ji amsa ba cikin wani ƙayyadadden lokaci, mu ce sakan 30, sai ta yanke ƙauna ta nuna maka cewa abin bai yiwu ba. A misalinmu, sakan 30 na nufin saƙo 3,000. Duk wanda ya shiga layi a bayan na 3,000, kafin a kai kansa wayarsa ta riga ta juya baya. Amma saƙonsa na nan a layi. Kwamfutar za ta iso gare shi daga baya, wataƙila ma bayan minti 4 ko 5, ta cire kuɗin, ta nemi wanda za ta ba amsa, ba kowa. Ɗaya ke nan daga cikin hanyoyin da ake samun abin nan da ya fi komai ƙona rai: an ce maka bai tafi ba, ga kuma alat na cewa an cire.

Ku lura da kyau. Layi mai tsawo ba alheri ba ne. Bankin da ya karɓi saƙo 30,000 alhali 3,000 ne kawai zai iya amsawa a kan lokaci, bai taimaki sauran 27,000 ba. Da tun a bakin ƙofa ya ce musu "a cike muke, a dawo anjima", da kuɗinsu na nan a asusunsu, da sun san matsayinsu, da mai hatsi da mai saye sun nemi wata dabara tun rana ba ta faɗi ba.

Yatsan da ke ƙara wa layi tsawo

Me mutum ke yi in waya ta ce bai tafi ba? Sake latsawa. Ni ma na sha yi. Na taɓa tsayawa a gaban mai shago na latsa sau huɗu a jere cikin fushi, washegari na wuni ina bin sawun kuɗin da aka cire sau biyu.

Mu koma ga lissafi. Saƙo 50 ne ke rasa wuri a kowane sakan. In kowane daga cikin masu su ya sake latsawa sau 2, an ƙara 100 a kan 150, ya zama 250 ke neman ƙofar da 100 take ɗauka. Yanzu masu rasa wuri sun zama 150, su ma za su sake latsawa. Kafin ka ankara, yawancin abin da kwamfutar ke fama da shi maimaici ne na saƙonnin da masu su suka riga suka tafi. Ga inji na ta ruri, gari kuwa ba ya fitowa.

Intanet kanta ta taɓa shiga wannan hali tana ƙarama. A watan Oktoba na 1986, tsakanin wani ɗakin bincike a Bakli ta jihar Kalifoniya a Amurka da jami'ar da ke maƙwabtaka da shi, tazarar da ba ta wuce yadi 400 ba, gudun bayanai ya faɗo daga ɗigo 32,000 a sakan zuwa 40 kacal. Waya ba ta tsinke ba, na'ura ba ta ƙone ba. Kwamfutocin ne kowace ke ta maimaita abin da ta aika don ba ta ji amsa ba. Maganin da Van Jacobson ya fito da shi a 1988 shi ne a koya wa kowace kwamfuta ladabi: ta fara a hankali, ta ƙara gudu in hanya ta buɗe, ta rage sosai da zarar ta ga alamar cunkoso. Har yau da wannan tarbiyya intanet ke tafiya.

Manhajar da aka gina da kyau haka take yi wajen sake gwadawa. In aka ƙi karɓarta, ta jira sakan 1. In aka sake ƙi, ta jira 2, sai 4, sai 8, tana ninkawa. Ana kuma ɗan cakuɗa lokacin, wannan ta ƙara rabin sakan, waccan ta rage, don kada duk waɗanda aka kora tare su sake dawowa tare su tokare ƙofa.

Yadda ake ɗaura totur

Hanya mafi sauƙi ita ce ƙirga: 100 a minti, in sun cika a rufe sai sabon minti ya kama. Tana da rami. Masu wayo ko masu tsautsayi 100 za su iya shigowa a sakan na ƙarshe na wannan minti, wasu 100 a sakan na farko na mai bi masa, sai ga 200 cikin sakan 2 alhali ba a karya doka ba.

Ta biyu ita ce bokiti mai yoyo, wadda Jonathan Turner ya bayyana a 1986. Ka huda bokiti a gindi. Ko da garwa ka juye a ciki, ko da moɗa, ruwan da ke fita ta hujin gudunsa ɗaya ne. In bokitin ya cika, ragowar ya zube. Saƙonni su ne ruwan, girman bokitin shi ne tsawon layi, faɗin hujin shi ne totur. Wannan ta dace da tsohuwar kwamfuta da ba ta jure a yi mata ba-zata.

Ta uku ita na fi so ku gane, don ita aka fi amfani da ita. Ku tuna lambar da masu gadi ke rabawa a ƙofar banki lokacin ƙarancin kuɗi: ba lamba, ba shiga. Yanzu ku ɗauka akwai ƙwarya a bakin ƙofa, ana jefa kati 10 a cikinta kowane sakan, amma ba ta ɗaukar fiye da 50. Duk saƙon da ya zo sai ya ɗauki kati ɗaya kafin ya wuce. In gari ya yi shiru na ɗan lokaci, katuna suna taruwa har 50. Da ayari ya iso, 50 na farko su wuce a take, na bayansu su koma bin goma-goma. Kyawunta shi ne ta san ciniki ba a jere yake zuwa ba. Mai POS zai iya zama minti 10 ba kowa, sai mota ta sauke fasinja mutum takwas su taso masa lokaci guda. Ƙwaryar kati tana yafe irin wannan guguwa in gajera ce, ta kuma hana ta in ta zarce.

Akwai wata iyaka da ake yawan rikita ta da waɗannan. Ƙayyade mota nawa ke shiga harabar kamfanin gurzar auduga a awa ɗaya daban, ƙayyade mota nawa za su kasance a cikin harabar a lokaci guda daban. Na biyun ya fi hikima a wasu wurare, domin yana gyara kansa: in sikeli ya yi nawa, motoci ba sa fita da wuri, saboda haka sababbi ba sa shiga. RabbitMQ na da irin wannan, inda ma'aikaci ke cewa kada a ba shi fiye da saƙo kaza sai ya gama na hannunsa. A Apache Camel injiniya kan rubuta adadin da yake so a kowane sakan, ya kuma zaɓi ko ragowar su jira ko a mai da su. BizTalk kuwa tana duba lafiyar kanta, in ta ga ma'ajiyarta na cika sai ta rage karɓa ba tare da an gaya mata ba.

Kada kuma ku haɗa duk wannan da iyakar kuɗi. Dokar Babban Banki da ta fara aiki ranar 9 ga Janairu 2023, wadda ta ce mutum ɗaya kada ya cire tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a mako, iyaka ce a kan adadin kuɗi. Totur ba ruwansa da nauyin saƙo. Taransifar naira 500 ta mai shayi da ta naira miliyan 5 ta dilan masara, wuri ɗaya kowace ke ci a layi.

Wani kuskure da ko ƙwararru ke faɗawa: a sa iyakar 100 a kan dillali, daga baya aiki ya yi yawa a ƙaro dillalai uku, kowane da nasa 100. Littafin asusu da aka yi niyyar karewa sai ya wayi gari 400 na sauka a kansa. Masu gadi huɗu, ƙofofi huɗu, kowa na rantsuwa bai wuce ƙa'ida ba.

Wa zai jira?

Nan maganar ta bar hannun lissafi ta koma ta adalci, kuma nan nake da ra'ayi.

In wuri bai isa kowa ba, dole wani ya jira, kuma mutum ne ke zaɓar wanda zai jira, ba na'ura ba. Saƙonni ba darajarsu ɗaya ba. Lambar sirrin nan da ake turo maka don tabbatar da ciniki, in ta yi minti 10 a hanya ta mutu. Saƙon taya murnar Salla da banki ke aika wa kwastomomi kuwa ko da asuba ya iso ba wanda ya yi asara. Duk tsarin da ya zuba waɗannan biyu a layi ɗaya, mai shi bai yi tunani ba. Akan raba layuka, a ba na gaggawa kaso mafi tsoka.

Haka nan tsakanin masu aikowa. In ƙwaryar kati ɗaya ce ga kowa, babban kamfanin da ke biyan albashin ma'aikata dubbai a ƙarshen wata zai kwashe katunan cikin ƙiftawar ido, mai POS na Kafur da ke da kwastoma ɗaya a tsaye ya rasa. Gyaran shi ne kowa da ƙwaryarsa. Babba a ba shi babba, amma ta ƙarami kada a taɓa.

Manoman yankin nan sun ɗanɗani wani ɓangare na wannan tun kafin zamanin POS. A 2012, lokacin Akinwumi Adesina na ministan noma, aka fara shirin tallafin taki na GES, inda ake turo wa manomi saƙo a waya ya je cibiya ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. Ku ɗauka ku ne ke da alhakin tura irin wannan saƙo ga manoma 18,000, kamfanin waya kuma ya ce 10 a sakan zai karɓa. Cikin rabin awa kun gama. Amma in cibiyar rabo mutum 600 take iya sallama a wuni, kun gayyato jama'ar wata guda a rana ɗaya. Totur ɗin da ya dace a nan ba na kamfanin waya ba ne, na ƙofar sito ne: 600 yau, 600 gobe.

Sai batun gaskiya. In an ƙi karɓar saƙo, a faɗa a fili. A yaren da shafukan intanet ke magana da shi akwai lamba ta musamman, 429, da aka tanada a 2012, ma'anarta "buƙatunka sun yi yawa", ana kuma iya haɗa ta da bayanin sakan nawa za a jira. Masu POS sun san nasu lambobin a takardar da na'ura ke fitarwa: 00 ya tafi, 51 kuɗin asusun bai isa ba, 91 bankin mai kati ko dillalin tsakiya ba ya amsawa. Wanda ya ga 91 ya san ba laifin kwastoma ba ne, kuma sake zura katin nan take ba lallai ya haifar da komai ba sai ƙarin cunkoso. Abin da ban yarda da shi ba shi ne allon da ke ta juyawa ba eh ba a'a. Saƙon kuɗi ba a yar da shi a ɓoye. In ya gagara, akwai akwati na musamman da ake ajiye irinsa, ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko a kammala ko a mayar.

Hukuma ma ta sa baki. Ƙa'idar Babban Banki ta 2018 kan tura kuɗi nan take ta tanadi tarar naira 10,000 a kan bankin da ya wuce minti 4 bai zuba kuɗin da aka turo a asusun mai shi ba, da kuma wanda ya wuce awa 24 bai mayar da kuɗin taransifar da ta gaza ba. Ku haɗa da lissafinmu na ɗazu: mai gama 100 a sakan, in layinsa ya haura 24,000, ya shiga hurumin tara.

Kowace taransifa ta NIP tana da lambar shaida mai alƙaluma 30 da ke fitowa a rasit. Da ita ake gane cewa saƙon da ya iso sau biyu abu ɗaya ne, da ita kuma ake bin sawun kuɗin da ya maƙale. Amma in kai ne ka koma farko ka sake rubuta komai ka tura, sabuwar lamba za a ba ka, kuma a idon banki ciniki biyu ka yi. Saboda haka in abu ya tsaya, ka fara duba ragowar kuɗinka. In an cire, ka adana rasit ɗin ka ba shi lokaci, ka nuna wa mai kaya lambar. In ba a cire ba, ka ɗan jinkirta kafin ka sake, jinkiri na biyu kuma ya fi na farko tsawo.

Aiki

Wata ƙungiyar manoman auduga na son biyan mambobinta 2,400 ta taransifa. Bankinta ya ce saƙo 4 a sakan zai karɓa daga gare ta. Minti nawa biyan zai ɗauka? In sakataren ƙungiyar ya raba aikin wa kwamfuta uku, kowace ya sa mata iyakar 4, nawa ne zai riƙa isa banki a sakan, kuma me kuke zaton bankin zai yi da ragowar?

Ƙwarya na ɗaukar kati 20, ana jefa 2 a kowane sakan. An yi minti ɗaya ba wanda ya zo, sai saƙo 30 suka iso lokaci guda. Nawa za su wuce a take, kuma na ƙarshe sakan nawa zai jira?

Kafin zama na gaba, kowa ya sami mai POS ɗaya a unguwarsu ko a kasuwar da yake ci. Ku tambaye shi wace rana da wane lokaci ciniki ya fi maƙalewa, wace lamba ya fi gani a takarda in abu ya ƙi, kuma minti nawa yake jira kafin ya sake gwadawa. Ku rubuto amsoshin, za mu jera su a allo mu ga ko na Funtua sun yi daidai da na ƙauyuka.